Akwati a Gurbin Igwa

Kabite, farkon Yuli

Kuya Takyo,

Ina gaishe ka. Ina kiran ka Kuya ne saboda uwata ta koya mini girmama na gaba da ni, ba don ka taɓa yin abin da ya ja maka girman ba. Mu dai muna lafiya. Guguwar bara ta kwashe mana rabin jinka, mijina Siriyako ya hau ya gyara. Tarin Inna ya lafa tun da muka ɓoye mata taba. Ka gaishe da matarka Chepa da 'yan matanku huɗu da ban taɓa gani ba, in ma suna jin yarenmu.

To, ka ci nasara, sai ka zuba ruwa a ƙasa ka sha. Shekara goma sha ɗaya kana aiko da wasiƙa duk zuwan jirgi daga Akapulko, magana ɗaya tak: a aiko maka da Tsoho. Da ka ga na yi banza da kai, sai ka rubuta wa Fada, limamin cocinmu. Ka ce ku mutanen Kabite da kuka gudu daga jiragen sarki kun gina ɗakin ibada a Koyuka, ba ku da waliyyin da za ku sa a ciki, alhali Tsoho, wato mutum-mutumin San Telmo na gidanku, yana hannun wata mace da ba ta ma amsa sunan gidan. Ni ce wata macen. Fada ya tara dattawa, suka ce tun da kakanka namiji ne kakata kuma mace, Tsoho naka ne.

Babu wanda ya tambayi wa take wanke masa fuska da ruwan furanni duk jajibirin idinsa, yau shekara ashirin. Babu wanda ya tambayi wa take ɗinka masa riga, wa take cire masa kai da hannuwansa na hauren giwa bayan an gama zagayen gari, ta naɗe su a auduga kamar yadda Impo Sela, uwar kakanninmu, ta koya wa matan gidan nan. Kai sau ɗaya ka taɓa ɗaukar sa kana saurayi, ka buga kansa a saman ƙofa, gefen kunnensa na hagu ya ɓalle. Wannan ita ce duk hidimar da ka yi masa.

Yana cikin jirgin Santa Librada, zai tashi jibi. Ka san yadda ake loda jirgin nan. Dilolin siliki har a hanyar wucewa, tangaran a ƙarƙashin gadon kowane babba, tulunan ruwan sha ma an rataye su a igiyoyi don ba su da wuri a ƙasa. Akwatinka ya rasa inda zai zauna. Siriyako shi ke riƙe da igwar bayan jirgi, sai ya yi abin da kowa yake yi: ya sa aka sauke igwar zuwa can ƙasa, ya ɗaure akwatin a gurbinta. Wata shida za su yi a teku ba su ga ko kwalekwale ba, igwa tana zaune tana cin wuri a banza. Fadan jirgin ya yayyafa wa akwatin ruwan albarka, matuƙa sai murna suke wai bana waliyyinsu da kansa zai raka su.

Ni na sa aka ƙera akwatin, ni na rufe shi da hannuna, ko Siriyako bai ga cikinsa ba. Abin da ke ciki rabonka ne daidai, ban rage maka komai daga abin da ka cancanta ba.

Saura gargaɗi. Mijina bai iya karatu ba, don haka ina rubuta abin da na ga dama. Ka karɓi kayanka ka sako mini shi. Kada ka cika masa ciki da bammin da kake tatsa, kada ka zauna kana raɗa masa daɗin gudu. Na ɗinka masa sababbin takalma da jan zare, in na gan su a ƙafar wani a wajenku za ka ji daga gare ni. Shi ba irinka ba ne, yana da gidan da yake komawa. Uwarka ta mutu tana tambayar ko an kaɗa ƙararrawar isowar jirgi, ni ce na rufe mata ido.

Petrona, wadda kuke kira Tonang

*

Koyuka, tsakiyar Maris

Tonang,

Gaisuwa gare ki da Inna. Ni da Chepa da yara ƙalau muke, ban da zazzaɓin da ƙaramar ta yi ta warke. Wannan takarda za ta zo miki a ɗan ƙaramin jirgin saƙo, domin Santa Librada ba zai dawo ba.

Siriyako yana da rai. Na fara da wannan don na san halinki, in ban faɗa ba za ki yaga takardar kafin ki kai ƙarshe.

Ga abin da ya faru, kamar yadda na ji daga bakin mutanenmu da suke ciki. Tafiyar ta yi tsawo, ciwon dasashi ya kwantar da rabin jirgin, Fadan jirgin ma ya mutu a wata na biyar. A Disamba, da hantsi, kusa da gaɓar San Lukas, suka hango jirgi. Suka ɗauka wanda ake aikowa ne daga Akapulko ya tarye su, har suka yanka aladen da ya rage don murna. Sai da ya matso suka ga tutar Ingilawa. Nan aka ruɗe ana jawo igwoyi daga ƙasa da igiya, masu jan ma da ƙyar suke tsayuwa.

Ingilawan ba wawaye ba ne. Suka zagayo ta baya, inda suka ga taga babu bakin igwa. Wani hafsa ya zo a guje yana ihu, “Ku yanke igiyoyin nan, ku jefa akwatin a ruwa, a sa igwa!”

Siriyako ya ce, “Sinyor, San Telmo ne a ciki.”

Hafsan ya ce, “Ko uwarka ce a ciki, na ce a jefa!”

Babu ɗan Kabite ko ɗaya da ya motsa. Wa zai jefa waliyyin matuƙa a teku, a tsakiyar yaƙi, da hannunsa? Hafsan ya zaro wuƙa zai yanke da kansa, mijinki ya rungume akwatin ya ƙi saki. Suna cikin wannan kokawa harsashin igwa ya shigo ta tagar, ya tafi da ƙafar Siriyako ɗaya daga gwiwa. Kafin rana ta yi tsaka an sauke tutar sarki.

An ce shugaban Ingilawan wani gajere ne da haƙoransa suka zube, ya hau jirgin yana nuna wa kowa takarda mai hatimi, wai sarkinsu ya ba shi izinin kwashe dukiyar Sifaniyawa, don haka shi ba ɗan fashi ba ne. Ɓarawo mai takarda dai. Da suka ga akwatin da mutum ya ba da ƙafarsa a kansa, suka tabbata zinariya ce, suka fasa shi da gatari. Marasa tsoron Allah suka sace kan Tsoho da hannuwansa, suka jefo gangar itacen da rigarta cikin ɗan jirgin da suka zuba mutanenmu a ciki. Siriyako bai gani ba, yana sume.

Yanzu yana kurkukun sansanin Akapulko. Babban jirgi ya tafi da dukiyar Manila kaf, dole a sami wanda za a rataye, manyan kuwa ba za su rataye junansu ba. Laifinsa ƙin bin umarni a fagen yaƙi. Hafsan ya rantse wai babu wani waliyyi, gungume ne kawai aka sa wa riga don a ɓoye kayan fasa-ƙwauri, wai yana tsaye aka fasa bai ga hauren giwa ba. Maƙaryaci. Alƙalin sarki ya ajiye gangar a ɗakinsa, ya ce shi itace yake gani. Fadan da ya sa albarka ya mutu. An ce sai wanda aka aiko wa akwatin ya zo ya yi rantsuwa, kuma za a yanke hukunci kafin ƙarshen shekara.

Na san abin da za ki ce. Ba zan iya zuwa ba. Sunana yana cikin littafin waɗanda suka gudu, ranar da na sa ƙafa a ƙofar sansanin nan ranar za su riƙe ni. Ina da mata, ina da 'ya'ya mata huɗu, ina da bishiyoyin kwakwa da ba wanda zai hau sai ni. Chepa tana kai masa abinci duk Lahadi, ta hannunta ma wasiƙarki ta iso gare ni, da jininsa a jiki. Na karanta zagin da ke ciki tsaf, na gode.

Amma bari in tambaye ki. Wa ya ce ki ƙera akwati kamar na binne gwamna? Da kin naɗe Tsoho a tabarma yadda Impo Sela take yi, da ya shiga ƙarƙashin shimfiɗar mijinki, igwa tana wurinta. Kin so duk Kabite ta ga girman abin da aka ƙwace miki. To, ta gani.

Takyo

*

Kabite, Yuli

Takyo,

Na daina ce maka Kuya. Gaisuwa ga Chepa kaɗai, ita ce namijin gidanku. Inna tana kwance tun ranar da ɗan jirgin nan ya shigo ba a kaɗa masa ƙararrawa ba. Ni ma ba lafiya gare ni ba, amma wannan ba damuwarka ba ce.

Na karanta takardarka a bakin tasha a tsaye, mata suna kuka ta ko'ina. Na karanta har inda ka ce kana da bishiyoyin kwakwa. Bishiyoyin kwakwa! Mutum ya ɗauko maka kayanka wata shida a teku, ya bar ƙafarsa a kai, igiya tana jiran wuyansa, kai kana lissafa mini itatuwa. Tir da kai. Ka gudu ka bar uwarka, yanzu kana zaune tafiyar yini ɗaya daga mijina kana aika mace ta kai masa wake.

Ka san abin da ake yi a nan? Masu waƙa a kasuwa sun riga sun tsara labari. Wai jiragen Ingilawa arba'in ne, shugabansu ƙato mai jan gemu har cibiya, wai San Telmo ya fito daga akwati da wuta a hannu ya ƙone goma kafin a ci shi da yawa. Yara suna wasan haka a bakin ruwa, kowa yana so ya zama mai jan gemu. Wannan da rana ke nan a fili. A bayan idona kuma cewa ake mijin Tonang ya sayar da jirgi saboda tangaran ɗin da ya ɓoye. Matan da mazansu suka mutu ba sa amsa gaisuwata, an daina kawo mini ɗinkin takalma. Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da nake so ɗaya ne, Siriyako ya shigo ƙofar nan, ko da rarrafe.

Yanzu ka buɗe ƙunshin da ke tare da wannan takarda. Mang Doroy mai dafa abincin sabon jirgin ne ya ɗauko, ya rantse mini ba zai kwance ba.

Ka gani? Hafsan bai yi ƙarya ba. Ingilawa ba su sace komai ba. Kan Tsoho da hannuwansa ba su taɓa barin Kabite ba, suna cikin rumbun shinkafata tun daren da na rufe akwatin. Dattawa sun ce a ba ka Tsoho, na ce to, zan ba ka abin da ka yi wa hidima, itace da riga. Fuskar kuwa ni na wanke ta shekara ashirin, na ce ba za ta je ta zauna a cikin 'yan gudun hijira masu warin bammi ba. Na sa aka yi akwatin da tsawon mutum cikakke, na cusa ƙaiƙayi a wurin kai don kada kowa ya gane. Na yi ta jin daɗi ina hango fuskarka ranar da za ka buɗe a gaban jama'arka.

Ban san za a zo nan ba. Ina zan sani? Kullum ina ganin sa rungume da akwatin nan, ni kuma na san abin da ke ciki. Ba na iya cin shinkafar rumbun, maƙwabta na ba wa. Na faɗa maka ne don ba ni da wanda zan faɗa wa, ba don ina neman gafararka ba. Kai ka fara. Da ka bar mini abina, da ba a yi akwati ba sam.

Ka ɗauki kan nan ka kai wa alƙali. Ka ɗora shi a kan gangar a gabansa, zai zauna daram, ya ga cewa waliyyi ne ba gungume ba. Ka faɗa masa laifin wata muguwar mace ne a Kabite, in yana son wuya ya aiko a ɗauki nawa. In sun riƙe ka, sun riƙe ka, ai dama bashin aikin sarki kake gudu. In kuwa jirgi ya dawo baɗi babu mijina a ciki, kai kana can a kan kwakwarka, Allah ya isa tsakanina da kai, kuma zan faɗe shi a gaban bagade da sunanka cikakke.

Petrona

*

Cikin jirgi, tashar Kabite, ƙarshen Yuni

Tonang,

Ina fata Inna ta tashi. Lafiyata ba laifi, haƙora biyu kawai na bari a hanya.

Ki fito ƙofar gidanki ki dubi tasha. Jirgin da aka kaɗa wa ƙararrawa jiya, ina cikinsa. Ina hango jinkarku daga nan, gefen da Siriyako ya gyara ya fi ɗayan haske. Ba a bar ni in sauka ba, kuma ba za a bar ni ba. Kada ki tsaya duba masu saukowa, mijinki ba ya cikinsu.

Kin ce in tafi sansani. Takardarki ta same ni a Janairu, a cikin ɗakin kurkukun da mijinki ya yi wata tara a kwance, har tabarmarsa ce a ƙarƙashina. Na riga na je tun Satumba. Ba don ke na je ba, kada ki ɗauka tsinuwarki ce ta tsallake teku kafin jirgi. Chepa ce ta dawo wata Lahadi ta ajiye kwanon ta ƙi yi mini magana. Da na matsa, ta ce duk wata sai an fito da Siriyako an tambaye shi sunan wanda aka aiko wa akwatin, duk wata yana cewa ya manta. Ya san in ya faɗa za su zo su kama ni. Mutumin da bai taɓa shan ruwan gidana ba. Washegari na yi wanka, na sa rigar zuwa coci, na kama hanya.

Alƙalin ya dube ni ya ce, “Kai ne mai gungumen?”

Na ce, “Ni ne mai waliyyin, Sinyor. San Telmo ne na gidanmu, tun kakannin kakanni.”

Ya ce, “To ina fuskarsa?”

Na ce Ingilawa sun sace. Ya ce mutum uku sun rantse suna wurin, babu kai a akwatin. Sai na ɗora hannuna a kan gicciye, Tonang, a gaban jama'a, na ce: 'yar'uwata da ta rufe akwatin nan muguwa ce, bakinta ya fi barkono zafi, amma ta fi kowa a Kabite tsoron Allah, ba za ta taɓa aiko da waliyyi babu kai ba. Haka na rantse. Na yi miki shaidar da ban taɓa yi wa kowa ba.

Sai ya ce da ya ga fuska da ya sallami mutumin nan ya koma gidansa, domin babu Kirista da za a hukunta don ya ƙi jefa fuskar waliyyi a teku. Amma abin da ke gabansa itace ne da maganar ɗan gudu. Don haka ya raba. Ba za a rataye Siriyako ba, amma ba zai ƙara taka jirgin sarki ba har ya mutu. Ni kuma in yi shekara goma a jirgin sarki, ba sauka a wannan gaɓa, ba sauka a waccan.

Kin gane ko sai na fassara miki? A tekun nan babu wani jirgi da ke ƙetarewa sai na sarki.

Da ƙunshinki ya zo, Fadan Akapulko ya ɗauki kan da kansa ya kai wa alƙalin. Aka ce hukunci ya riga ya tafi babban birni da hatimi, ba a buɗe abin da aka rufe saboda indiyo, yadda suke kiran irinmu, mai ƙafa ɗaya. Wata uku ne tsakani. Da kin sa shi a akwatin tun farko, da jiya kin dafa wa mijinki kifi.

Siriyako yana gidana. Ba ya iya hawan kwakwa, amma yana dafa bammin, kuma yarana sun fara jin yarenmu saboda shi. An mayar wa mutanen Koyuka da gangar. Kafin mu tashi ya zo sansani a kan sanda, shi da Chepa, na miƙa masa ƙunshin. Ban faɗa masa abin da kika yi ba. Kada ki gode mini, ban yi don ke ba, na ga mutum ya rasa ƙafa da gida, ban ga dalilin ƙwace masa mata ba. Na ce kin sayar da 'yan kunnenki kin sa wani Basine a Manila ya sassaƙa sabo.

Ya kwance audugar. Ya juya kan, ya tsaya a kunnen hagu, inda na ɓalle. Ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa. Sannan ya ce, “Gwani ne mai sassaƙar nan.” Ya naɗe shi a audugarsa.

Tsoho ya cika yanzu, yana tsaye a ɗakin ibadarmu, mijinki ne yake wanke masa fuska. Shekara goma sha ɗaya ina roƙon sa, ban gan shi a tsaye ko sau ɗaya ba. Ki yi dariya in kina so.

Na tambaye shi saƙon da zan kawo miki. Bai ba ni magana ba. Ya ba ni abin da Mang Doroy zai miƙo miki da wannan takarda. Ya ce duk Janairu zai zo gefen jirgi a kwalekwale.

Takyo

*

Kabite, washegari

Kuya Takyo,

Inna ta rasu tun kafin Kirsimeti, ba ka da wanda za ka gaisar a gidan nan sai ni. Ina tsaye da ƙafata.

Na karɓi takalmin. Na hagu ne, jan zaren ko dushewa bai yi ba. Wasiƙu biyu ka rubuto mini cike da surutu, har da haƙoran Baturen da ya yi fashin, ba ka taɓa faɗa mini wace ƙafa ce ba. Shi da bai iya rubutu ba ya faɗa mini.

Na fito ƙofa na duba. Na ga wani tsoho mai furfura a bayan jirgi yana kankare tsatsar igwa. In kai ne, ka lalace. Ga shinkafa da kifi mai tsami a hannun Mang Doroy, ka ci, kada ka ce komai a kai, kuma ka dawo mini da tukunyata.

Ban yafe maka ba. Kai ma kada ka yafe mini, ba na so. Amma ƙaryar da ka yi masa ba ta da amfani, ya san kunnen nan kamar yadda ya san nawa. Yana can yana wanke fuskar da ya san ni na ɓoye, yana jira ya ji ko zan faɗa da bakina.

Jiya na je ofishin tasha na tambayi yadda mace irina za ta sami izinin ƙetarewa. Magatakardan bai ma ɗago kai ba. Zan koma baɗi, zan koma baɗin baɗi, amma na san amsar da zan samu.

Don haka ga aikinka. Kafin ku tashi zan aiko maka da abu biyu. Ɗaya takarda ce, na rubuta komai a ciki, rumbun shinkafar, ƙaiƙayin, har jin daɗin da na yi. In ya zo gefen jirgi a Janairu, ka leƙo ka karanta masa da ƙarfi, tun daga sama har ƙasa. In ka tsallake layi ɗaya don tausayina, zan sani, kuma sai ka gwammace alƙalin ya rataye ka. Abin da ya ce, ko da tsinuwa ce, ka riƙe shi a kanka wata uku ka kawo mini yadda ya faɗa.

Ɗayan kuma takalmi ne. Na fara yankan fatar da safen nan, na yanka biyu kafin in tuna. Shekara goma aka ba ka, Kuya, sau goma za ka ƙetare. Duk tafiya za ka ɗauki guda ɗaya, na dama.

Petrona